Yadda Ake Binciken Cututtukan da Ake Ɗauka a Asibiti, da Yadda Ake Rage Su

Mace ta zo haihuwa, aka yi mata tiyata aka ciro jariri lafiya, bayan kwana uku aka sallame ta kowa na murna. A rana ta takwas ɗinkin ya kumbura, ya fara tsattsafar da mugunya, zazzaɓi ya rufe ta. Ba ta koma inda aka yi mata aikin ba, wani wuri ta je aka wanke mikin aka rubuta mata magani. A littafin asibitin farko kuwa, abin da ke gaban sunanta shi ne an sallame ta lafiya. Ba wanda ya yi ƙarya, amma ba wanda ya san abin da ya faru, don haka macen da za ta hau wannan gadon tiyatar gobe za ta tarar da komai yadda yake.

Irin wannan cuta, wadda mutum bai zo da ita ba sai a gadon jinya ya same ta, ba kaɗan ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce cikin majinyata 100 da aka kwantar, bakwai a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, za su kamu da aƙalla cuta ɗaya kafin a sallame su, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ɗin zai rasu. Rahoton ya ƙara da cewa tsaftar hannu da sauran matakan kariya, idan an bi su da gaske, suna iya hana har kashi 70 cikin 100. Wannan jagorar ta ma'aikatan jinya ce, da ungozomomi, da likitoci, da ɗaliban da ke son sanin abin da ke faruwa a ɗakin da suke aiki, su kuma gyara shi. Ba ta buƙatar kayan aiki masu yawa. Tana buƙatar littafi, da haƙuri, da gaskiya.

Wanda ya fara nuna hanyar shi ne Ignaz Semmelweis, likita ɗan ƙasar Hangari da ke aiki a babban asibitin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Asibitin na da ɗakunan haihuwa biyu. A wanda likitoci da ɗalibansu ke aiki, kusan mace ɗaya cikin goma na mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, a na ungozomomi kuwa ba su kai huɗu cikin ɗari ba. Ya yi ta jera lissafin shekaru yana neman bambancin, har abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya rasu a 1847 bayan wuƙar feɗe gawa ta yanke shi, da alamomi irin na matan. Nan ya gane cewa ɗalibai na fitowa daga ɗakin gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda. Ya sa a riƙa wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa wajen kashi biyu cikin 'yan watanni. Ku lura da jerin abin da ya yi: ya ƙirga, ya kwatanta, ya canza abu ɗaya, ya sake ƙirgawa. Duk matakan da ke tafe daga nan suka fito.

Mataki na farko: ɗaki ɗaya, tambaya ɗaya

Kada ku ce za ku binciki dukan asibiti. Wanda ya ɗauki wannan kayan ba ya kai wata biyu. Ku zaɓi wuri ɗaya da cuta ɗaya. Manyan huɗu da aka fi bibiya a ko'ina su ne: ruɓewar wurin tiyata, cutar mafitsara ta dalilin robar fitsari, cutar jini ta dalilin robar da ake zurawa a jijiya, da ciwon huhun da ke kama wanda ke kan na'urar numfashi. Dukansu labarinsu ɗaya ne: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata da sauran garkuwar jiki ne bangon, wuƙa da roba da allura ne tsagar.

Idan kuna shakkar wanda za ku fara da shi, ni zan ce ku fara da wurin tiyata, musamman tiyatar haihuwa. Ana yin ta da yawa, ido na iya ganin mikin ko babu ɗakin gwaje-gwaje, kuma matsalar babba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata mikinsu na kamuwa.

Ku rubuta tambayar a jimla ɗaya, kamar haka: cikin matan da za a yi wa tiyatar haihuwa a wannan ɗakin a wata uku masu zuwa, nawa ne mikinsu zai kamu cikin kwana 30?

Mataki na biyu: ku rubuta abin da za ku kira cuta, tun kafin ku ga majinyaci ko ɗaya

A nan yawancin ƙananan bincike ke lalacewa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan aikin bai sani ba. Abin da wata nas za ta kira ɗan ja, wata za ta ce miki ya ruɓe, likitan da ya yi ɗinkin kuma zai ce ba komai. Sai an ajiye mudu ɗaya da kowa zai auna da shi.

Ba sai kun ƙirƙiro naku ba. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta daɗe da tsara ma'anoni da ake amfani da su a ƙasashe da dama. Ƙa'ida ta farko ita ce lokaci: cutar da ta bayyana daga rana ta uku da kwantarwa, wato bayan kusan awa 48, ita ake lissafawa ta asibiti. Wadda ta bayyana kafin nan, da ita ya zo.

Wurin tiyata yana da nasa lissafin. Ana bin sa kwana 30 daga ranar aiki, ko kwana 90 a wasu ayyukan, musamman idan an bar wani abu a jiki kamar ƙarfen ƙashi. Ana cewa ya kamu idan mugunya na fita daga mikin, ko an ɗauki samfur cikin tsafta an gano ƙwayar cuta, ko likita ya buɗe mikin da gangan saboda zafi da kumburi da ja, ko likitan da ke kula da majinyacin ya tabbatar da haka. Sai a raba shi uku: na sama wanda ya tsaya a fata, na ciki wanda ya kai tsoka, da wanda ya shiga har can cikin gaɓar da aka yi wa aiki. Ɗan ƙurjin da ke fitowa daidai bakin zaren ɗinki kaɗai ba ya cikin lissafi.

Ga robar fitsari, sharuɗɗa uku ne a haɗe: robar ta wuce kwana biyu a jiki, majinyaci na da alama kamar zazzaɓin da ya haura digiri 38 ko ciwon mara ko na kwiɓi, sannan gwaji ya nuna ƙwayoyin bakteriya aƙalla 100,000 a kowace mililita. Fitsari mai wari ko mai duhu shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma an sha ɗura wa mutane magani a banza saboda shi.

Idan ba ku da ɗakin gwajin da za ku dogara da shi, ku yi aiki da alamomin da ake gani, amma ku rubuta cewa haka kuka yi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne canza ma'anar a tsakiyar tafiya.

Mataki na uku: izini da abokan aiki

Ku sanar da shugabannin asibiti da shugabar ɗakin. Idan kuna da niyyar wallafa sakamakon, ku nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike tun kafin ku fara. Sunayen majinyata su zauna a littafi ɗaya da ake kullewa, a sauran takardu lamba kawai. Sannan ku jawo likitan tiyata ko ɗaya cikin tawagar tun ranar farko, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da ɗaya daga cikin masu goge-goge. Wanda aka gayyata tun ana shiri ba ya musun sakamako kamar wanda aka kawo wa shi a gama.

Mataki na huɗu: ƙirga masu cuta, da ƙirga waɗanda za su iya kamuwa

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce zagayen rana ɗaya: ku bi gado-gado ku duba kowa, ku ga nawa ne ke da cutar asibiti a wannan ranar. Tana da sauri, kuma da ita CDC ta gano a 2015 cewa a kowace rana majinyaci ɗaya cikin 31 a asibitocin Amurka na ɗauke da irin wannan cuta. Sai dai hoto ne na rana guda, kuma tana karkata ga waɗanda suka daɗe a kwance. Ta dace da neman inda matsala ta fi tsanani. Ta biyu ita ce bibiyar kowane majinyaci daga shigowarsa har ƙarshe, tsawon watanni. Ta fi wahala, amma ita ce ke nuna ko gyara ya yi aiki.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Adadin waɗanda suka kamu shi kaɗai ba ya faɗa muku komai. A ce ɗakuna biyu kowanne ya samu mutum shida da cutar robar fitsari a wata uku. Wanda bai duba ba zai ce kunnen doki ne. Amma a ce a ɗakin farko, idan aka haɗa kwanakin da dukan majinyata suka yi da roba a jiki, 300 ne, a na biyu kuma 1,200. Ku raba shida da 300 ku ninka da 1,000, za ku samu 20. A na biyu za ku samu biyar. Ashe haɗarin ɗakin farko ya ninka na biyun sau huɗu.

Samun wannan adadin da ake rabawa da shi ba shi da wuya, naci kawai yake so. Kowace rana, a lokaci ɗaya, a ce ƙarfe takwas na safe, wani ya rubuta abu uku ko huɗu: majinyata nawa ne a kwance, nawa ke da robar fitsari, nawa ke da robar jijiya, nawa ke kan na'urar numfashi. Ƙarshen wata a tara. Har da ranakun hutu. Idan aka tsallake kwana goma, lissafin watan ya gurgunce.

Na tiyata ya fi sauƙi, don da yawan ayyukan ake rabawa. A ce an yi wa mata 80 aiki, 12 suka kamu, kashi 15 cikin 100 ke nan. Sai dai kada a cakuɗa kowane irin aiki a tukunya ɗaya. Tiyatar da aka shirya mata ba ɗaya take da ta gaggawa bayan doguwar naƙuda ba, kuma aikin hanjin da ya fashe dole ya fi na ƙaba kamuwa. Ku ware su.

Mataki na biyar: takarda mai shafi ɗaya, da bibiya bayan sallama

Takardar tattara bayani kada ta wuce shafi ɗaya. Lambar majinyaci, shekaru, ranar kwantarwa, ranar aiki ko ranar sa roba, tsawon lokacin aikin, na gaggawa ne ko shiryayye, ko yana da ciwon sukari, ko an aske wurin da me, wane maganin kashe ƙwayoyin cuta aka ba shi don rigakafi da ƙarfe nawa, ƙarfe nawa aka fara yanka. Sai gefen alamomi da ranar da suka fito. Duk tambayar da ba ku san abin da za ku yi da amsarta ba, ku cire ta.

Kada ku zauna jiran a kawo muku rahoto. Ku je da ƙafarku, aƙalla sau biyu ko uku a mako. Ku duba takardar zafin jiki, ku duba wanda aka fara wa sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta ko aka canza masa, ku tsaya lokacin wankin miki ku gani da idonku, ku tambayi nas ɗin dare.

Sai matar nan da muka fara da ita. Da yawa daga cikin mikin da ke kamuwa sai bayan an koma gida suke nunawa, tunda yanzu ba a daɗewa a kwance. Kafin sallama ku nemi yardarta, ku karɓi lambar waya biyu, ku gaya mata alamomin da za ta lura da su. Ku kira ta a mako na farko, da na biyu, da rana ta 30. Tambayoyin su zama ɗaya ga kowa: akwai ruwa ko mugunya da ke fita? Ɗinkin ya buɗe? Kin yi zazzaɓi? Kin je wani wuri an ba ki magani? Wadda ba ku samu ba, ku rubuta ba a same ta ba, kada ku sa ta cikin masu lafiya.

Game da samfur, abu kaɗan ne amma ana yawan kuskure. Jini a ɗauka kafin a fara magani, a goge fata da kyau a bar ta ta bushe, a cika kwalbar da abin da ake buƙata, wato mililita takwas zuwa goma ga babba. Fitsari daga jikin robar ake ɗauka a wurin da aka tanada, ba daga jaka ba, don na jaka ya daɗe yana tara ƙwayoyi. Miki a fara wanke shi da ruwan gishirin asibiti, sannan a ɗauka daga ciki. Idan ɗakin gwaji na iya faɗin maganin da ƙwayar ke ji da wanda ta bijire wa, ku tara wannan ma, domin asibiti ne matattarar ƙwayoyin da suka fi taurin kai. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriyar da ba ta jin magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019.

Mataki na shida: ku ƙirga hannaye

Yawan cuta sakamako ne. Kuna buƙatar sanin abin da ke haifar da shi, kuma babbar hanyar da ƙwayar cuta ke bi daga gado zuwa gado ita ce hannun ma'aikaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2009, ta ware lokuta biyar: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsafta kamar allura ko wankin miki, bayan haɗuwa da jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi.

Ku tsaya a gefe kamar minti 20, ku ƙirga sau nawa ɗaya daga cikin lokutan nan ya zo, sau nawa aka tsaftace hannu. Ku rubuta aikin mutum, nas ko likita ko ɗalibi, ba sunansa ba. Ku yi da safe, ku yi da dare, ku tara kusan 200 kafin ku yanke hukunci. Sa safar hannu ba ya zama madadin wanki, kuma wanda ya bar safa ɗaya a hannu ya bi gado uku da ita ya fi wanda bai sa ba haɗari. Ku sani mutane na gyara hali idan sun san ana kallonsu, don haka abin da kuka gani ya ɗan fi na kullum kyau. Hanyar tabbatarwa ita ce duba yawan ruwan goge hannun da ɗakin ke ƙararwa a wata.

Yayin da kuke tsaye, ku kalli dalili. Ina famfo yake? Akwai ruwa? Akwai sabulu? Taku nawa ne daga gado na ƙarshe? Rahoton haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin tsaftar hannu. Nas ɗin da ke riƙe da gado talatin ita kaɗai cikin dare ba wa'azi take buƙata ba.

Mataki na bakwai: ku mayar da sakamako ga masu shi

Na ga inda aka gama tattara bayani tsaf, aka haɗa rahoto mai kauri aka kai ofis, waɗanda ke wankin mikin ba su taɓa jin ko lamba ɗaya ba. Aikin banza aka yi. Tun shekarun 1970 babban binciken SENIC a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1985, ya nuna asibitocin da ke da bibiya mai ƙarfi tare da ma'aikatan da aka ware don kariya sun rage cututtukan da kusan kashi 32 cikin 100, kuma sanar da likitocin tiyata sakamakonsu na cikin abubuwan da suka yi tasiri.

Kowane wata ku zana jadawali ɗaya mai sauƙi ku manna inda ma'aikata ke zama. Ku ɗauki minti goma lokacin miƙa aiki ku yi bayani. Lissafin kowane likita a ba shi shi kaɗai, a asirce. Ranar da kuka kunyata wani a gaban jama'a, daga ranar za a fara ɓoye muku miki.

Mataki na takwas: ku canza abubuwa kaɗan, amma kullum

Hannu tukuna. A asibitin jami'ar Jeniba ta ƙasar Suwizalan, Didier Pittet da abokan aikinsa sun kai kwalaben ruwan goge hannu mai alkohol bakin gado da aljihun ma'aikata, suka riƙa aunawa suna sanarwa. Bin ƙa'ida ya tashi daga kashi 48 a 1994 zuwa 66 a 1997, yawan masu cutar asibiti kuma ya sauka daga kashi 16.9 zuwa 9.9 a 1998. Nas-nas ne suka fi gyarawa, likitoci suka rage a baya, kuma ya kamata likitoci su ji wannan. Gogewa da alkohol daƙiƙa 20 zuwa 30 ce, wanki da sabulu 40 zuwa 60. Inda sayen na kanti ya yi wuya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da haɗin da sashen magunguna na asibiti zai iya yi da kansa, mai kashi 80 na itanol da ɗan giliserin da haidirojin feroksaid. Amma idan hannu ya ɓaci a ido, ko majinyaci na gudawar da ake zargin ta Clostridioides difficile ce, sabulu da ruwa ne, domin alkohol ba ya kashe ƙwansonta.

Robar babbar jijiya. Peter Pronovost ya jagoranci sassan kulawa ta musamman 103 a jihar Mishigan ta Amurka da abubuwa biyar kacal: wanke hannu, cikakkiyar shigar kariya da lulluɓe majinyaci lokacin sawa, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kuloheksidin, guje wa jijiyar matsematsi, da cire robar da ba a buƙata. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna matsakaicin kamuwa ya sauka daga 7.7 zuwa 1.4 a kowane kwana 1,000 na roba cikin wata 18. Ba wani sabon abu a jerin. Abin da ya canza shi ne an ba nas ikon dakatar da likita idan ya tsallake ɗaya. Ƙaramar kanular hannu ma a duba ta a kowane canjin aiki, idan ta yi ja ko ba a amfani da ita a cire. Allura ɗaya, sirinji ɗaya, sau ɗaya.

Robar fitsari maganinta tambaya ce da za a riƙa yi kowace safiya: har yanzu yana buƙatarta? Kowace rana da ta ƙara a jiki, yiwuwar ƙwayoyi su hau mafitsara na ƙaruwa da kashi uku zuwa bakwai cikin 100. Kada a sa ta don a huta da canza zanen gado. Jakar ta kasance ƙasa da mara amma kada ta taɓa ƙasa, kada a riƙa raba robar da jakar, kuma kowane majinyaci da nasa mazubin juyewa.

Tiyata. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun zo da shawarwari 29, amma waɗannan za ku fara dubawa: majinyaci ya yi wanka da sabulu kafin aiki, kada a aske da reza, domin tana barin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, idan dole ne a rage gashin da injin aski, a goge fata da kuloheksidin mai alkohol a bar ta ta bushe, a ba da maganin rigakafi cikin minti 120 kafin yanka, gwargwadon irin maganin, kuma kada a ci gaba da shi bayan an gama aiki da sunan kariya. Wannan na ƙarshe shi zai fi jawo muku gardama. Mutane da yawa sun saba da ba da magani kwana biyar ko bakwai bayan aiki, suna ganin taka-tsantsan ne, alhali ba ya ƙara kare mikin, ƙwayoyi masu bijirewa kawai yake reno. Takardarku ta mataki na biyar za ta nuna muku sau nawa aka ba da maganin a makare, bayan an riga an yanka.

Na'urar numfashi a taƙaice: a ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, a riƙa tsaftace baki, a gwada rage maganin barci kullum don a ga ko zai iya numfashi da kansa.

Sai ɗakin kansa. Mutum ɗaya a gado ɗaya, aƙalla mita ɗaya tsakanin gadaje. A fi mayar da hankali kan inda hannu ke yawan sauka: ƙarfen gado, mariƙin ƙofa, sandar ƙarin ruwa, teburin magani. A fara wankewa da sabulu kafin a sa kulorin, don datti na kashe masa ƙarfi. Kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 ake so don goge wuri, 0.5 don jinin da ya zube da yawa. Idan na kwalbar kashi biyar ne, ma'auni ɗaya a ma'auni 49 na ruwa zai ba da na farko, ɗaya a tara zai ba da na biyu, kuma sabo ake haɗawa kowace rana. Kayan tiyata a wanke su tas kafin su shiga tukunyar tururi. Canza launin tef ɗin da ke jikin ƙunshi yana nuna ya ga zafi ne kawai, ba shaida ba ce cewa duk ƙwayoyin sun mutu. 'Yan'uwan da ke zaune da majinyaci su ma hannayensu na cikin lissafi, a nuna musu inda za su wanke da lokacin da za su wanke.

Idan cuta ta ɓarke ana cikin haka

Jarirai uku a mako ɗaya da ƙwaya iri ɗaya a jini, ko miki huɗu a jere daga ɗakin tiyata ɗaya, wannan ba na jiran ƙarshen wata ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. A ranar ku jera su a takarda, kowa da layinsa: gadonsa, ranar da ya fara, abin da aka sa masa, abin da aka yi masa. Ku nemi abin da suka yi tarayya a kai, kamar ledar ƙarin ruwa ɗaya da ake ɗiba wa jarirai da yawa, ko kwalbar maganin da ake ta hudawa, ko injin tsotse majina, ko bakin famfo. Ku ware masu cutar gefe ɗaya da ma'aikatansu, ku sanar da shugabanni. Kada ku fara da shafa auduga a bango da ƙasa ana kaiwa gwaji, ko'ina kuka shafa za ku samu ƙwaya, ba za ta gaya muku komai ba. Jerin sunayen ne zai nuna inda za a ɗauki samfur.

Mataki na tara: ku sake ƙirgawa

Da ma'ana ɗaya, da takarda ɗaya, da hanya ɗaya. Ku shirya wa abu biyu. Na farko, a watannin farko adadin na iya hawa maimakon sauka, saboda yanzu kuna ganin abin da a da yake wucewa. Ku faɗa wa shugabanni haka tun kafin ya faru, don kada a ce aikinku ne ya kawo cuta. Na biyu, ƙananan lambobi suna rawa. Daga biyu zuwa huɗu a wata ɗaya ba lallai lalacewa ba ce, daga huɗu zuwa ɗaya ma ba lallai nasara ba ce. Ku haɗa wata uku-uku, ku rubuta a kan jadawalin ranar da aka fara kowane canji, sannan ku duba ko irin majinyatan da ake kwantarwa sun canza a tsakanin.

Ku koya wa mutum biyu ƙirgar safiya da kiran waya, domin ranar da mai littafin ya tafi hutu ko aka canza masa wurin aiki kada layin ya yanke. Idan wata shida suka cika, jadawalin na nan a bango, ma'aikatan ɗakin kuma sun fara tambayar na wannan watan nawa ne tun kafin ku manna, sai ku ɗauki takardar ku shiga ɗaki na biyu.